Bayan 'Yan Fashi Sun Fita: Yadda Ake Kula da Mutanen Gida Mataki-Mataki

Tambayar da ake yawan yi mini ba ta yadda za a hana ɓarayi shiga gida ba ce. Ta waɗanda an riga an shiga musu ce. An ɓalle ƙofa tsakar dare, an kwantar da kowa, an kwashi abin da aka kwasa, an fice. Gari ya waye, 'yan jaje sun zo sun tafi, amma uwargida ba ta iya rintsawa, yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma, maigida kuma abu kaɗan sai faɗa. Da me za a fara?

Abin da ya fi dagula lamarin shi ne a sa na baya a gaba. Ana fara lissafin kaya kafin a duba jikin mutane. Ana tsare wanda ya firgita da tambayoyi a ranar da barci yake bukata, sannan bayan wata biyu, lokacin da bakinsa ya buɗe yana son ya yi magana, a ce masa ya isa haka, ya yi haƙuri. Ga yadda ya kamata a jera abubuwan. Gidan da 'yan fashi ko 'yan bindiga suka shiga nake nufi, amma daga mataki na 5 zuwa ƙarshe, wanda gobara ko ambaliya ta ci gidansa ma zai samu abin ɗauka.

1. Awa ta farko: jiki kafin kaya

Ku ƙirga mutanen gida da sunayensu, har da 'yar aiki da almajirin da ke kwana a zaure. Yara kan ɓuya a ƙarƙashin gado ko a banɗaki su ƙi amsawa ko da muryar uwarsu suka ji, don haka a bi ɗaki-ɗaki da tocila, ana kira a hankali.

Sannan a duba kowa da ido, kada a tsaya ga "lafiyata ƙalau". Mutumin da ke cikin firgici yana iya samun sara a baya ko a ka bai ji zafi ba sai bayan awanni. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In wuƙa ko wani ƙarfe ya maƙale a jiki, kada a zare, a tafi da shi asibiti a haka.

Gargaɗi: ban da toka, gishiri, garin magani ko man birki a kan rauni. Aiki kawai suke ƙara wa nas, kuma suna jawo ruɓa.

Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, kyauta ake kira. A Nijar 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana. Amma in akwai maƙwabci mai mota ko Keke Napep, kada ku zauna jiran kowa. Wanda aka harba, ku wuce da shi asibiti kai tsaye. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su daga baya. Har yau akwai masu mutuwa a hanyar caji ofis saboda rashin sanin wannan.

Waɗanda za a kai asibiti ko ba jini a jikinsu: wanda aka buga wa gindin bindiga ko sanda a ka, musamman in yana amai, ko barci na fizgarsa, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, mai ciki da ta ga jini ko ta daina jin motsi, da dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ke kukan ƙirji. Duk mai sara ko yanka a tambayar masa allurar tetanus a ranar.

2. Idan an taɓa mutuncin wata: awa 72

Wannan ne matakin da aka fi binnewa, kuma shi ne agogo ke gudu a kansa. Kada a tambaya a gaban mutane. Mace ɗaya da aka amince da ita, uwa ko yaya ko gwaggo, ta keɓe da kowace mace da yarinya ta gidan, ta ce a hankali: "In sun yi miki wani abu, ba laifinki ba ne, kuma akwai maganin da ake sha da wuri." Yara maza ma ana cutar da su, kada a manta.

Maganin kariya daga HIV yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma ana shan sa kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana iya aiki har kwana biyar, amma gwargwadon saurinsa gwargwadon ƙarfinsa. Akwai kuma allurar ciwon hanta da maganin sauran cututtukan sanyi. In da hali a je kafin a yi wanka, a naɗe tufafin a takarda ko ambulan, ba a leda ba, domin leda na riƙe damshi ta lalata shaida. In kuwa an riga an yi wankan, a je duk da haka, maganin bai san da wanka ba.

Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan kawai, kuma kyauta suke dubawa: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato, Nelewa a Maiduguri. Inda babu, babban asibiti mafi kusa.

Gargaɗi: "rufin asiri" da ke hana zuwa asibiti ba rufin asiri ba ne. Za a iya zuwa a dawo ba wanda ya sani a unguwa. Cikin da ya bayyana bayan wata huɗu, ko cutar da ta fito bayan shekara, su ne ba sa ɓoyuwa. Maganar kai ƙara kuwa, a bar ta ta yanke da bakinta in babba ce, ba a ranar ba.

3. Waya, layi da banki

Wannan aikin wani ɗan'uwa mai natsuwa ne, ba na wanda aka kwantar ba. Ɓarawon yanzu layin da ke cikin wayar yake so fiye da wayar. A ari wayar maƙwabci a toshe asusu tun kafin asuba: *901*911# na Access, *966*911# na Zenith, *894*911# na First Bank, *919*911# na UBA, *737*51*74# na GTBank. Kada a manta da OPay, PalmPay da Moniepoint in ana amfani da su. Da safe a je ofishin kamfanin layi da lambar NIN a toshe tsohon a dawo da sabo. A kuma sanar da dangi cewa duk saƙon neman kuɗi da ya fito daga wannan lambar a WhatsApp ba daga gare ku ba ne.

4. Rahoto da takardu

Kafin a share ko a gyara, a ɗauki hoton ƙofar da aka ɓalle, da katanga, da ɗakuna yadda aka bar su. A rubuta abin da aka ɗauka: lambar babur ko mota, lambar IMEI ta waya wadda ke jikin kwalinta, takardun fili, katin zaɓe, takardun makaranta. A sanar da mai unguwa, sannan a je caji ofis mafi kusa.

Shigar da rahoton laifi ba abin biya ba ne. Abin da ake kashe wa kuɗi shi ne takardar shaidar ɓatan takardu ta 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, waɗanda banki, makaranta ko ofishin filaye za su nema. Ku biya a ciki ku karɓi rasit, ku rabu da 'yan kamashon bakin kotu. Ku rubuta sunan jami'in da aka ba binciken, kuma kada ku sa hannu a bayanin da ba a karanta muku ba. Mutum ɗaya ko biyu da suka fi natsuwa su ba da bayani. Mace tana da damar neman jami'a mace, yaro kuwa sai in ya zama dole, sau ɗaya, da babba a gefensa.

Gargaɗi: a kwanakin nan zargi yake tashi. Wani zai ce ai da ɗan gari akan ci gari, sai ido ya koma kan 'yar aiki, mai gadi, almajiri ko wani ɗan dangi da ake jin haushinsa tun da. Daga nan a tafi wurin mai duba ya ƙara wa wutar fetur. In kuna da hujja, ku ba 'yan sanda. Nuna mutum da yatsa a unguwar da jini ke tafasa yana iya ƙarewa da gawa, sai musiba ta zama biyu. Haka nan hoton waɗanda aka ji wa ciwo da bidiyon kyamarar gida, kada su hau Facebook ko TikTok.

5. Kafin magariba: ƙofa, haske da wurin kwana

Ba a lallashin zuciya alhali ƙofa na rataye da hinji ɗaya. A kira kafinta ko mai walda a ranar. In an tafi da makullai, a canja kwaɗo duka. A sa sakata sama da ƙasa. A samu fitilar sola a tsakar gida da ƙofar waje, kuma a ganina mai ci har safe ta fi mai kunna kanta in ta ji motsi, domin kyanwa ma kunna ta take, sai mai firgici ya kwana zabura. Usur ɗaya a kowane ɗaki, da lambobin maƙwabta uku da na 'yan sintiri a rubuce a takarda a manne a bango, tun da wayar da ke ɗauke da su ta tafi.

Daren farko da 'yan kwanakin da ke biye, ba laifi a kwana gidan dangi, ko ƙanin maigida da wata babbar mace su zo su kwana tare da ku. Kowa ya haɗu a ɗaki ɗaya ma daidai ne.

Gudummawar da za ta shigo, ga yadda nake ba da shawarar a kashe ta: magani, ƙofa da haske, abinci, ƙaramar waya mai madannai, sai ɗan jarin da zai mayar da maigida ko uwargida kan sana'a. Talabijin da kujeru su jira. Kada a ci bashin manhajojin waya masu ruwa, kada kuma a saida gida ko gona a makonnin farko. Wanda ke cikin firgici arha yake saidawa, kuma dillalai sun sani.

Amma fa akwai bambanci tsakanin tsoron abin da ya wuce da haɗarin da ke nan. A ƙauyukan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Birnin Gwari, da na kan iyaka ta wajen Maraɗi, inda 'yan bindiga ke cewa za su dawo kuma su dawo, ba maganar daurewa ake ba. A fitar da mata da yara zuwa inda ake kwana lafiya, sauran matakan su biyo baya a can.

6. 'Yan jaje

Jaje alheri ne, amma yana iya zama azaba. Kowane baƙo ya zauna sai ya ce "to yaya abin ya faru?", sai matar da aka ɗora wa bindiga a ka ta maimaita labarin daga safe har isha'i, yara na gefe suna ji. A wakilta mutum ɗaya, ƙanin maigida a zaure, yayar uwargida a ciki, su riƙa ba da labarin a taƙaice su karɓi addu'a. Mutanen gida su fito su gaisa in sun so, su koma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da a zaunar da wanda ya tsira a matsa masa ya zayyana komai daki-daki da sunan ya fitar da abin da ke ransa. Ba ya hana ciwon firgici, wani lokacin ƙara shi yake. Wanda ya so magana a saurare shi ba katsewa. Wanda ya yi shiru a zauna kusa da shi, a ba shi ruwa, a ƙyale shi.

In kai ne mai zuwa jaje, "Allah Ya kiyaye gaba, Allah Ya mayar da alheri" ya wadatar. Ka bar "me ya sa ba ku yi ihu ba?", da "ai da kun sa ƙofar ƙarfe", da "naku da sauƙi, gidan wane har kisa aka yi". Ka zo da kwanon abinci. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu kuwa sau da yawa gidan da aka yi wa ɓarna ne ke ɗora tukunya don baƙi. Sannan ka dawo bayan mako uku, lokacin da ƙafa ta ɗauke. A nan ne aka fi bukatarka.

7. Ku san abin da jiki zai yi

A zaunar da manyan gida a faɗa musu wannan tun a makon farko, domin saninsa kaɗai yana rage tsoro. Za a ga faɗuwar gaba, bugun zuciya, rawar jiki, ciwon kai da ciki, rashin cin abinci, mantuwa, munanan mafarkai, da zabura in an buga ƙofa ko salansar babur ta yi ƙara. Wani kuma, abin da ya faru zai riƙa dawo masa kamar yanzu ake yi. Wani zai ji kamar ba a jikinsa yake ba, ko hawaye ya ƙi zuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jiki ne ya koyi tsaro bai kuma samu labarin an wuce wurin ba. Ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Yawancin mutane abin yana lafawa da kansa cikin makonni in suna samun barci, abinci da mutane a kusa.

In abin ya taso, ga abin yi nan take. A zauna, tafin ƙafa a ƙasa. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ta baki ana ƙirga shida, a maimaita kamar sau goma. Fitarwar ce ta fi muhimmanci, ita ke saukar da bugun zuciya. Sannan a ambaci abu biyar da ido ke gani a ɗakin, da ranar da ake ciki. Alwala da ruwa mai sanyi tana taimakawa ƙwarai. A gwada wannan da rana lokacin da hankali ke kwance, domin ba a koyon sa da ƙarfe biyun dare.

Akwai kuma zargin kai. "Da na duba sakatar." "Da na yi kokawa da su." Wadda ta ƙame ta kasa motsi ko ihu ta sani cewa ƙamewa ɗaya ce daga hanyoyin da jiki ke kare rai, ba zaɓi ba ne, ba kuma yarda ba ce. Laifi na wanda ya haura katanga ne.

8. Barci, da abin da ba za a sha ba

A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi ko da barcin bai zo ba. Bayan la'asar a bar shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙara kuzari. A bar fitila a kunne in duhu ne matsalar. A duba ƙofa sau ɗaya, mutum biyu tare, a faɗa da baki "an rufe", don kada a yi ta tashi ana komawa. Awa ɗaya kafin kwanciya a ajiye waya, musamman bidiyoyin hare-hare da ake turawa a WhatsApp. Da rana a motsa jiki, ko da shara ce ko tattaki zuwa masallaci ko coci.

Gargaɗi mai girma: kada a aika kemis a sayo ƙwayar barci. Diazepam, wadda ake ce wa D5, da 'yan'uwanta suna kwantar da mutum a daren, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko bayan irin wannan musiba. Ba sa warkarwa, suna iya jinkirta warkewar, kuma jiki na saurin sabawa da su. Tramadol, kodin da wiwi kuwa ba sai an faɗa ba. A sa ido kan samarin gida da matan da ke cikin kulle, domin shan nasu a ɓoye yake farawa.

9. Yara

Kuskure na farko shi ne "ai yaro ne, bai san komai ba". Ya sani, kuma abin da ba a faɗa masa ba zai cike da tunaninsa, wanda ya fi gaskiyar muni. A faɗa masa gajeren zance na gaskiya: "Mugayen mutane sun shigo sun ɗauki kaya, sun tafi. Baba ya ji ciwo, likita ya duba shi. An sa sabuwar ƙofa, zo ka gani." A bar shi ya taɓa sakatar da hannunsa. Kada a yi alkawarin ba za a ƙara ba har abada, a ce "ga abin da muka yi don mu tsare gida".

Ƙananan za su maƙale wa uwa, su koma tsotson yatsa ko fitsarin kwance. Ban da duka, ban da tsokana, ban da tara yara a yi masa waƙa. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, a rage ruwa da dare, a wanke da safe ba surutu. Za ku ga suna wasan ɓarawo da bindigar kara, suna maimaita abin da aka yi. A ƙyale su, haka yaro ke narkar da abin da ya gani. 'Yan makaranta su koma boko da Islamiyya cikin 'yan kwanaki, amma a je a sanar da malami a keɓe, don kada a zane yaro kan ya kasa hadda ko yana gyangyaɗi. Matasa su ne masu shiru ko zafin kai da maganar ramuwa. A ba su aiki na gaske, kamar taya mai walda ko raka ƙanne makaranta.

Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Tsoro ba ya lalata nono. Yana iya rage saukarsa na ɗan lokaci, kuma yawan sa jariri ne ke dawo da shi.

10. Maigida

Shi ne ake mantawa, domin shi ke zirga-zirgar caji ofis yana ce wa kowa "Alhamdulillahi, ai da sauƙi". Amma mutumin da aka kwantar aka mara a gaban matansa da 'ya'yansa yana ɗauke da abin da ya fi asarar kuɗi nauyi. Ba zai ce yana jin kunya ba. Za a dai ga yana kwana zaune da adda, yana tsawa kan gishirin miya, ya daina zuwa majalisa, ko ya ƙaurace wa shimfiɗa.

Ba matarsa ce za ta tunkare shi da wannan ba, sai dai ta faɗi abu ɗaya in gaskiya ne a ranta: "Malam, da ka yi gardama da su, da yanzu marayu nake riƙe da su." Sauran aikin na amininsa ne, ko wansa, ko limamin da yake jin nauyi. Su ja shi waje, a kan hanya ko a gona, ba a tsakar gida ba. Maza sun fi buɗe baki in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa. A raba masa gadin dare da sauran mazan layi don ya samu darare na cikakken barci.

Gargaɗi: wannan ne lokacin da ake sha'awar sayen bindiga ta bayan fage. Ban da laifi ne a doka, mai zabura da rashin barci ɗansa da ya fito fitsari zai fara harbi. Kuma firgici ba uzurin duka ba ne. In hannu ya fara tashi kan mata ko yara, manya su shiga a ranar.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kada a auna wahalar wata da ta wata. Wadda ba a shiga ɗakinta ba, tana jin ihu ta kasa fitowa, tana iya fin kowa firgita.

11. Komawa ɗakin da abin ya faru

Gujewa tana da daɗi a yau, amma ita ke raya tsoro. Daga mako na biyu, in an tabbatar da tsaro, a fara komawa kaɗan-kaɗan. A wanke ɗakin, a juya gado, a canja labule, in da hali a yi fenti. Ranar farko a shiga da rana tare da wani, a zauna har bugun zuciya ya fara sauka, kada a fita yana kan ganiyarsa. Bayan kwana biyu a ci abinci a ciki. Sannan barcin rana, sannan kwana da wani, a ƙarshe kwana yadda aka saba. In mataki ya yi nauyi a koma na bayansa. Ba a turawa, ba a kulle mutum a ciki don "ya saba". Haka za a bi da fita kasuwa, zama a gida ba kowa, da komawa aiki.

12. Wata ɗaya: lokacin zuwa asibiti

Addu'a da azkar na safe da yamma, da karatun Alƙur'ani ko zama da fasto ga Kirista, suna cikin abin da ke tsayar da zuciya, kuma ba sa karo da asibiti. Abin da za a guje wa shi ne duk inda za a doki mutum, a turara masa hayaƙi mai shaƙewa, ko a sa masa mari da sunan fitar da aljani. Gidajen mari da 'yan sanda suka kai wa samame a Rigasa da Daura a 2019 sun isa darasi.

Ku sa alama a kalanda. In wata ɗaya ya cika abin bai ragu ba, ko ƙaruwa yake, mutum ya kasa aiki, girki, karatu ko kula da yara, to lokacin likita ya yi. Waɗannan kuwa ba sa jiran wata, a tafi a ranar: maganar gara mutuwa ko kashe kai, kwanaki a jere ba barci sam, ƙin ci da sha, jin muryoyi ko ruɗewa, da uwar da ta daina kula jaririnta. In kuna zargin mutum na tunanin halaka kansa, ku tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa masa tunanin. Ku kwashe fiya-fiya, shinkafar ɓera, maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

A fara da babban asibiti mafi kusa, a yanki kati, a nemi a tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa ana duba su ne su koma gida a ranar. Kuɗin da za a tanada: na kati, na mota zuwa da dawowa sau da dama, da na magani wata-wata. Mai inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha ya tafi da katinsa. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ya yi bayani.

A tafi da wanda ya san yadda mutumin yake kwana, da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. A faɗa wa likita abin da ya faru a fili. Masu yawa suna cewa "ciwon kai da faɗuwar gaba" kawai, sai a yi ta ba su maganin maleriya da taifot. Babban maganin wannan ciwo zama ne da ƙwararre, mako-mako, ana bin abin da ya faru a tsare har ya daina razanarwa, don haka ku tambaya ko akwai mai yin wannan a asibitin. In an rubuta ƙwaya irin fluoxetine ko sertraline, tana ɗaukar makonni kafin a ji aikinta, ana shan ta watanni ko bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke ta rana ɗaya sai da shawarar likita. Kafin ku bar asibitin, ku tabbatar an rubuta muku ranar dawowa, kuma ku tsayar da wanda zai yi rakiya a ranar.